Abin da doka ta tanada kan bindiga da harsashin farautar ɓauna a kudanci da gabashin Afirka

A ƙasashen kudanci da gabashin Afirka da ke ba da lasisin farautar manyan namun daji, samun izinin harbin ɓauna bai ba mutum damar ɗaukar kowace bindiga ya shiga daji ba. Hukumomin namun daji sun gindaya mafi ƙarancin bindigar da za a fuskanci wannan dabba da ita, kuma wanda ya sauka ƙasa da wannan ma'auni ya karya doka ko da ya yi sa'a ya kayar da ita da harsashi ɗaya. Ba dukan ƙasashen yankin ne ma suka yarda da irin wannan farauta ba, domin Kenya ta haramta ta tun 1977, Botswana kuma ta dakatar da ita a 2014 kafin ta sake buɗewa a 2019. Inda aka fi yin ta a yau shi ne Tanzaniya, Zimbabuwe, Zambiya, Namibiya, Mozambik da Afirka ta Kudu.

Dalilin dokar yana jikin dabbar ne. Ƙasaitaccen namijin ɓauna yakan kai nauyin kilo 500 zuwa 900, fatarsa tana da kauri, haƙarƙarinsa faffaɗa ne kuma kusa da juna, ƙashin kafaɗarsa kuma ya tsare gefen ƙirji, ga tushen ƙahonnin da ya haɗe a goshi ya zama garkuwa. Harsashin da zai kashe shi da wuri dole ne ya keta duk wannan ya isa zuciya ko huhu. Idan ya tsaya a nama ko ya farfashe a kan ƙashi, ɓaunar ba ta faɗuwa, sai ta shige duhuwa da rauninta, kuma daga nan ta zama haɗari ga masu bin sawunta da ma mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin, waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba.

Hanya biyu ƙasashen suka bi wajen rubuta ma'aunin. Ta farko ita ce a duba faɗin kan harsashi kawai. Tanzaniya da Zambiya sun tsayar da inci 0.375, wato kimanin milimita 9.5, a matsayin mafi ƙanƙanta ga ɓauna, giwa da dorina. A Afirka ta Kudu larduna ne ke da ikon tsara yawancin ƙa'idojin farauta, amma wannan lamba ce aka saba bi a can ma. Lambar ta samo asali ne daga harsashin .375 H&H Magnum, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, ya kuma karɓu a hannun mafarauta har ya zama abin da ake gwada sauran da shi. Amfanin wannan hanya shi ne sauƙi, tun da jami'in daji zai iya karanta lambar da aka buga a jikin bindiga da gindin kwanson harsashi ya yanke hukunci nan take.

Hanya ta biyu ta fi zurfi, kuma Zimbabuwe ce ta fi fayyace ta. Ƙa'idojinta na gandun daji da namun daji na 1990 sun kasa dabbobi rukuni-rukuni, suka sa ɓauna da giwa da dorina a rukunin farko, inda ake buƙatar sharaɗi biyu a tare: faɗin harsashi kada ya gaza milimita 9.2, ƙarfinsa kuma a lokacin da yake barin bakin bindiga kada ya gaza jul 5,300 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin da harsashi ke ɗauke da shi). Zaki da raƙumin dawa suna rukuni na biyu, mai milimita 7 da jul 4,300. Namibiya ta jingina ga ƙarfin ne, ta tsayar da jul 5,400 ga manyan dabbobi irin su ɓauna.

Wannan ƙarfi ba wani abu ne ɓoyayye ba, lissafi ne da kowa zai iya yi: a ɗauki nauyin kan harsashi da kilo, a ninka shi da saurinsa na mita a daƙiƙa sau biyu, wato sauri sau sauri, sannan a raba biyu. Harsashin .375 H&H da aka fi ɗura wa ɓauna yana da nauyin giren 300, kimanin giram 19.4, yana kuma fita da saurin kusan mita 770 a daƙiƙa, abin da ke ba da jul 5,750 ko kusa da haka. Ya haye ma'aunin Zimbabuwe da na Namibiya, amma tazarar ba ta da yawa. Tun da saurin sau biyu yake shiga lissafin, ƙaramin ragi yana cin ƙarfi da yawa: idan gajeren bututun bindiga ko sassauƙan ɗuri ya sauko da saurin zuwa mita 740, ƙarfin ya koma kimanin jul 5,310, wanda ya tsallake a Zimbabuwe da ƙyar, ya kuma faɗi a Namibiya. Saurin da ake bugawa a kwalin harsashi an auna shi ne da bututun gwaji na masana'anta, ba da bindigar mai saye ba, shi ya sa masu ɗura harsashinsu da kansu suke auna shi da na'ura kafin su yi tafiya.

Hikimar haɗa sharuɗɗan biyu tana fitowa ne idan aka dubi harsasan da suka cika ɗaya suka rasa ɗaya. Harsashin .338 Lapua Magnum yana da ƙarfin da ya haura jul 6,000, amma faɗinsa milimita 8.6 ne, don haka bai halatta ga ɓauna a Zimbabuwe ko Tanzaniya ba. A ɗaya gefen kuma akwai .45-70, tsohon harsashin sojan Amurka na 1873, mai faɗin fiye da milimita 11, wanda a ɗurinsa na asali ƙarfinsa bai kai rabin abin da Zimbabuwe ke nema ba. Na farko siriri ne mai gudu, na biyu kakkaura ne mai nawa, kuma dokar ta rufe ƙofa ga duka biyun.

Inda aka fi samun gardama shi ne kan harsashin 9.3x62, wanda maƙerin bindiga Otto Bock ya ƙirƙira a Balin a 1905, kuma manoma Turawa da suka zauna a Afirka suka daɗe suna harbin ɓauna da shi. Faɗinsa ya wuce milimita 9.2, amma bai kai inci 0.375 ba, saboda haka a ƙasar da ta tsaya kan wannan lamba ba shi da shiga. A Zimbabuwe kuwa faɗin ya isa, sai dai ɗurin da aka saba, giram 18.5 a saurin mita 720, yana ba da kimanin jul 4,800 ne kawai, kuma sai an kai saurin kusan mita 757 kafin ya taɓa 5,300. Ƙaninsa 9.3x64 Brenneke ya haye ma'aunin ƙarfin ba tare da wahala ba. A ganina tarihin 9.3x62 ya nuna cewa yana kashe ɓauna idan harsashin ya sauka inda ya dace, amma jami'in da ke duba takardu ba tarihi yake aunawa ba, kuma doka ba za ta iya rubuta sharaɗi dabam ga gwani da ɗan koyo ba.

Ta sama kuwa akwai manyan harsasai ga wanda kafaɗarsa za ta ɗauka. Akwai .416 Rigby na 1911, mai jefa giram 26 da ƙarfin kusan jul 6,900, akwai .404 Jeffery, da .458 Winchester Magnum na 1956, da .470 Nitro Express na bindigogi masu baki biyu. Ƙwararrun mafarauta masu lasisi, waɗanda doka ta wajabta su raka duk baƙon da ya zo farauta, su suka fi riƙe waɗannan, domin aikinsu shi ne tsayar da ɓaunar da ta taso wa mutane daga 'yan taku kaɗan. Ga baƙo kuwa sau da yawa sukan fi son ganin .375 a hannunsa. Shurinta a kafaɗa ya kusa ninka na .30-06, wato matsakaiciyar bindigar farauta da aka saba da ita, manyan kuma sun fi haka, kuma mutumin da ke tsoron bindigarsa yakan runtse ido ya fizgi kunama, harsashin ya je ciki maimakon ƙirji.

Abin da ma'aunin bai taɓa ba shi ne ƙirar kan harsashin, alhali ita ce ke raba harbin kirki da na banza. Iri biyu ne a hannun masu farautar ɓauna. Akwai mai buɗewa, wanda bakinsa ke bajewa idan ya shiga nama ya faɗaɗa raunin, akwai kuma dunƙulalle, wanda ba ya sauya siffa, yana dai ratsa ƙashi da tsoka a miƙe. Mai buɗewa na zamanin da, wanda dalma ce zalla cikin siririyar riga, yakan tarwatse a kafaɗar ɓauna, shi ya sa tsofaffin mafarauta suka fi amincewa da dunƙulalle. Na yanzu, irin Swift A-Frame da aka manne dalmarsa da rigarsa, ko Barnes TSX da aka ƙera da jan ƙarfe zalla, suna buɗewa ba tare da zubar da nauyinsu ba, don haka da yawa daga cikin ƙwararru suka koma ba da shawarar a fara da mai buɗewa, a sa dunƙulallu a ƙarƙashinsa cikin ma'ajiyar harsashin bindigar don harbin da zai biyo baya, lokacin da dabbar ta juya baya tana gudu kuma dole harsashin ya ratsa tsawon jikinta. Akwai wani dalilin da ya shafi doka kai tsaye: ɓauna a garke take tafiya, dunƙulallen harsashi kuma yakan fita ta ɗaya gefen ya samu wata da ke bayanta, sai maharbi ya wayi gari da dabba biyu a wuyansa alhali ɗaya ce a lasisinsa.

A wannan harka, dabbar da aka ji wa rauni daidai take da wadda aka kashe. Da zarar an ga jini a ƙasa ko a ganye, an cire ta daga kason da hukuma ta ware wa yankin, maharbi kuma zai biya cikakken kuɗinta ko an same ta ko ba a same ta ba. Dokar namun daji ta Tanzaniya ta 2009 ta ɗora wa wanda ya raunata dabba nauyin yin iyakar ƙoƙarinsa ya ƙarasa ta, ta kuma wajabta kai rahoto ga hukuma idan dabba mai haɗari ce ta tsere da rauni. Bin sawun nan shi ne mafi munin sashe na farautar, domin ɓaunar da ta ji ciwo takan laɓe a sarƙaƙiya ta jira, ana tafe a hankali, masu bin sawu a gaba, bindigogi a ɗane.

Shigar da bindigar cikin ƙasa ma yana da nasa ƙa'idojin, waɗanda suka bambanta da na hukumar namun daji. Bindigar da ke ɓarin wuta da kanta ba a farauta da ita a waɗannan ƙasashe. Afirka ta Kudu, a ƙarƙashin dokarta ta mallakar bindigogi ta shekarar 2000, tana ba baƙo izinin wucin gadi ta takardar 'yan sanda mai lamba SAPS 520, ba ta yarda mutum ya shigo da bindiga biyu masu cin harsashi iri ɗaya ba, ba ta kuma yarda ya ɗauko harsashin da bai dace da bindigar da ya rubuta ba. Kamfanonin jiragen sama su ma sun taƙaita nauyin harsashin fasinja ɗaya zuwa kilo 5, a kulle a cikin kayan da ake saka wa a ɗakin kaya. Hukumomi kan sake duba waɗannan ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci, don haka mai niyyar tafiya yakan nemi rubutaccen sharaɗin shekarar daga kamfanin da zai yi masa jagora, tare da sunan harsashin da ƙwararren da zai raka shi ya amince da shi, tun kafin ya cika takardar neman izini.