Ba masu ƙiba kaɗai PCOS ke kamawa ba

An daɗe ana cewa PCOS, wato matsalar rikicewar sinadaran jiki da ke shafar gidan ƙwai na mace, ciwon masu ƙiba ne, wai yawan ci ke kawo shi. 'Yan uwa, siraran mata ma suna fama da shi. Ga mata da yawa jiki ne baya jin insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini) sosai sai ya taru a jini, ya sa gidan ƙwai fitar da sinadarin maza fiye da kima, daga nan gashi a haɓa, ƙuraje, al'ada ta rikice, ƙiba kuma ta ƙi sauka ko an rage tuwo. Ki riƙa rubuta ranakun al'adarki, in tazarar tana wuce kwana 35 kije asibiti ayi gwajin jini da hoton mara. Don Allah ku tura wa sauran mata.