Me ake nufi da dacewar fayil tsakanin manhajar zane da injin CNC?

Injin CNC, wato injin yanka ko sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, ba ya fahimtar zane. Abin da yake karantawa layukan umarni ne da ake kira G-code: G01 wuƙa ta tafi a miƙe, G02 ta lanƙwasa yadda hannun agogo ke juyawa, G21 a yi awo da milimita. Don haka zanen da aka yi a AutoCAD, SolidWorks ko CorelDRAW sai ya bi ta mashiga biyu kafin wuƙa ta taɓa katako ko ƙarfe. Idan ya wuce su siffarsa da awonsa ba su canza ba, shi ne ake cewa fayil ya dace. Buɗewa kawai ba dacewa ba ce, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa.

Mashiga ta farko ita ce manhajar da ke tsara hanyar da wuƙa za ta bi, wadda ake kira CAM. Aikin da yake shimfiɗe, kamar adon ƙofa, allon talla ko farantin ƙarfe, galibi da DXF ake kai shi, tsarin fayil da kamfanin Autodesk ya fitar a 1982. Ya tsufa, amma kusan kowace manhaja tana karɓarsa. Matsalarsa ƙananan abubuwa ne: layin da bakinsa bai haɗe ba, layi biyu kwance kan juna har injin ya yanki wuri ɗaya sau biyu, ko rubutun da ba a mayar da shi zane ba, ya isa wata kwamfutar da babu irin haruffan.

Abu mai tudu da kwari kuwa, tsarin fayil na STEP ya fi, domin yana riƙe da'ira a matsayin da'ira ta gaskiya. Wani tsarin kuma, STL, wanda kamfanin 3D Systems ya ƙirƙira a 1987 don injin buga abubuwa masu siffa (3D printer), daddatsa jikin abu yake yi zuwa ƙananan alwatika, sai ramin da ya kamata ya fito sumul ya fito da kusurwoyi. Ba ya ma faɗin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Wanda ya zana da inci, aka buɗe da milimita, aikinsa zai ƙanƙance har sau 25.4. A ganina, mai son ƙusa ta shiga raminta daidai bai kamata ya aika STL ba in yana da STEP.

Mashiga ta biyu ita ce daga CAM zuwa injin kansa. G-code yana da karin harshe: tsare-tsaren sarrafa inji irin su Fanuc, Haas, Siemens da GRBL ba su yarda da kowane umarni iri ɗaya ba, musamman wajen sauya wuƙa da huda rami. Akwai ƙaramin tafinta a cikin CAM da ke rubuta umarnin bisa karin kowane inji, kuma idan aka zaɓi na wani injin, wuƙa na iya karyewa. Shi ya sa ƙwararru ke fara tafiyar da sabon fayil a iska, sama da katakon, hannu na kusa da maɓallin tsayarwa.