Ma'anar "formate", da antibirus ɗin da ke dawowa bayansa

Cikin ƴan watannin nan da wuya in kunna rediyo da safe a nan Tawa ban ci karo da kalmar nan ba. Wani ya bugo waya ya ce matasanmu sai an yi musu formate. Wani ya ce a'a, ma'aikatu ne ke bukatar formate, tun daga mai gadi har darakta. Mai gabatar da shirin ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya ce ai ƙwaƙwalwar ɗan ƙasa ce dukanta za a formate. A fada ma, kafin a zuba shayi na biyu wani ya jefo ta. Duk masu faɗinta gyara suke nufi. Kalmar kuwa ba gyara take nufi ba, kuma na ga ɓarnar da wannan ruɗani ya yi a cikin gidanmu.

Daga Faransanci muka aro ta, formater, ita kuma daga format. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin masu fotokofi ya ji ana cewa "format A4", wato girman takarda da fasalinta. Tun kafin a san kwamfuta masu buga littattafai ke amfani da kalmar, tushenta kuma forma ne na Latin, ma'ana siffa. Da kwamfuta ta zo, sabon faifai ba ya karɓar rubutu sai an shata masa layuka an raba shi gida-gida, an kuma buɗe masa rajistar da za ta riƙa cewa abu kaza yana gida kaza. Wannan shatawar ita ce formate. Waɗanda suka yi zamanin disket mai mega 1.44 sun tuna. Asarar abin da ke kan faifan ba ita ce manufar ba, biyo baya take yi, domin in aka buɗe sabuwar rajista tsohuwar ta tafi. Kamar a yaga littafin da ke nuna wace rumfa ce ta wane a kasuwa: kayan suna nan jibge, amma babu mai iya cewa ga nawa, kuma duk wanda ya zo daga baya a kansu zai zuba nasa. Haka formate mai sauri ke yi. Cikakken kuwa, tun daga Windows Vista, yana bin faifan kaf yana rubuta sifiri a kan komai. Ko wanne aka yi, ba ya tambayar wane ne mai laifi. Hoton bikin ƙanwarka da birus ɗin da ya dame ka ɗaya suke a wurinsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ayyuka uku ne daban muka haɗe. Akwai sufirime, jefar da fayil ɗaya. Akwai dezanstale, cire manhaja daga cikin na'ura. Sai formate. Da Hausa duka mukan ce "gogewa", masu gyara da yawa kuma duka sukan ce "formate", domin shi ne aikin da ba ya bukatar a zauna a nemi inda ciwon yake.

Ɗiyar ƙanwata tana karatu a jami'ar nan ta Tawa, tana rubuta memuwar ɗinta, wato kundin binciken kammala karatu. Ubanta ya sayo mata sabuwar kwamfuta daga Yamai, a kwalinta. Wata ɗaya tana aiki lafiya lau, sai wani jan saƙo ya fara fitowa a kusurwar allo, yana cewa kariyarta ta ƙare, na'urarta na cikin haɗari. Ta rufe, ya dawo. Ta ja tambarin antibirus ɗin, manhajar da ke tsare na'ura daga birus, ta jefa a kwandon shara, washegari saƙon na nan. Sai ta ɗauke ta ta kai wa wani mai gyara a gefen kasuwa. Bai ko tsaya ya karanta saƙon ba ya ce: "Malama, birus ne, sai an yi formate." Ta ce to. Bai tambaye ta ko ta kwafe kayanta ba, ita ma ba ta san ana tambaya ba. Da magariba ta shigo gidana riƙe da kwamfutar, idanunta jawur, ta ce: "Kawu, komai ya tafi, kuma abin nan ya dawo." Na buɗe na duba. Babi uku sun tafi, da muryoyin matan da ta yi hira da su a kasuwar Badagishiri. Antibirus ɗin kuwa ga shi zaune daram, sabo fil, kamar ranar da aka fitar da na'urar daga kwali.

Abin da ke tsoratar da ita tun farko ba birus ba ne. Kamfanonin da ke ƙera kwamfuta, irin su HP da Dell da Lenovo da Asus, sukan yi yarjejeniya da masu sayar da antibirus, galibi McAfee ko Norton, a saka manhajar gwaji tun daga masana'anta. Yawanci kwana 30 take yi kyauta, daga nan ta nemi kuɗi. Jan saƙon talla ne, ana kiranka ka biya. Manhajar kanta halastacciya ce, wanda ya biya za ta yi masa aiki. Amma biyan sai da katin banki ta intanet, ɗalibanmu nawa ke da shi? Kuma ko ba a biya ba, na'urar ba a tsirara take ba. Tun Windows 8, a 2012, Microsoft ta saka nata antibirus a ciki, Defender, ba a biyan ko dala. Shi kuwa tsarinsa shi ne, in ya ga wani antibirus ya karɓi gadi sai ya koma gefe, in wancan ya tashi ya dawo bakin ƙofa. Ni a ganina, ga mai rubuta takardu da kallon bidiyo da aika saƙo, Defender ya wadatar, muddin ana barin Windows ta sabunta kanta. Na san forfe, wato kuɗin intanet, na da tsada, amma a nan ne ya kamata a kashe shi.

To me ya dawo da abin bayan "formate"? Domin abin da mai gyaran ya yi ba ma formate ba ne. Ya danna Réinitialiser ce PC, ya zaɓi a cire komai. Wannan yana mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, tare da manhajojin da masana'antar ta ɗora mata, har da antibirus ɗin gwajin. Wato an kori masu gida an bar baƙon. Da formate na gaske ya yi, ya zuba sabuwar Windows daga kile, ƴar ma'ajiyar fayil ta USB, da antibirus ɗin bai dawo ba, amma babin yarinyar ma da ba su dawo ba, kuma sau da yawa abin da ake zubawa a irin rumfunan nan Windows ce ta sata, a ɗora mata wani antibirus na sata wanda ba a san me aka cusa a cikinsa ba.

Jefa tambari a kwandon shara kuwa sufirime ne kawai, ka cire allon da ke nuna hanyar gida, gidan na nan. Ko dezanstale na ƙa'ida ma ba kullum yake kwashe antibirus duka ba, kuma akwai dalili. Antibirus ba kamar manhajar kallon hoto ba ce. Aikinsa ya tsaya tsakanin ka da kowane fayil da za ka buɗe da kowane shafi da za ka shiga, don haka yana dasa sassansa can cikin zuciyar Windows, inda direbobi suke, wato manhajojin da ke tuƙa sassan na'ura. Wasu sassan suna tashi tun kafin ka rubuta kalmar sirri. Wasu suna cikin jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu, wasu a rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta, wasu manne a Chrome ko Edge. An kuma gina shi da gangan ya yi taurin kai, domin abu na farko da birus ke nema shi ne ya kashe mai gadi. Wanda ke son ya san zurfin wurin ya tuna 19 ga Yuli 2024, ranar da sabuntawa ɗaya mai kuskure ta manhajar tsaro ta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, a ƙidayar Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Turai. Masu lambun albasa a Galmi sun san kirikiri: ka tsinke ganyen ka bar saiwar, ban ruwa ɗaya ya tsiro. Saiwar antibirus da aka bari takan jawo nauyi wajen tashi, ko intanet ta riƙa yankewa, ko wani sabon antibirus ya ƙi shiga, ko Windows ta ci gaba da zaton tsohon mai gadi na nan.

Cirewar kuwa ba ta kai awa guda ba in da kuran, wato wutar lantarki, da intanet. Kafin komai ka kwafe takardunka a kile, ko da ba ka zaton za a taɓa su. Sannan ka shiga Paramètres, ka je Applications, ka nemi duk abin da ke ɗauke da sunan kamfanin, domin sau da yawa ba ɗaya ba ne. McAfee, misali, yana da WebAdvisor da ke zaman kansa, sai an cire shi daban. Ka danna Désinstaller, in ya tambaye ka ko ka tabbata ka ce ka tabbata, ka kashe na'urar ka sake kunnawa. Daga nan sai saiwar. Kamfanonin da kansu sun san dezanstale na barin saura, shi ya sa kowanne ya yi ƴar manhajar tonewa, kyauta. Ta McAfee sunanta MCPR. Ta Norton ita ce Norton Remove and Reinstall, a cikinta sai ka nemi zaɓin cirewa kawai, in ba haka ba za ta cire ta sake sakawa. Avast na da Avast Clear, Kaspersky na da kavremover. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke ta, ba daga kilen wani ba, ba kuma daga shafin farko da ya yi maka tsalle a Google ba. In ta gama ka sake kunna na'urar, ka buɗe Sécurité Windows ka ga Defender ya tashi, ka bar shi ya sabunta.

Rajistar Windows kada ka sa mata hannu. Na ga masu shiga suna goge duk layin da suka ga sunan antibirus a kai, da masu sauke manhajojin da ke alkawarin "wanke" ta. Layi biyu ko babban fayil da babu komai a ciki da suka rage a ProgramData, inda manhajoji ke ajiye bayanansu, ba sa cin kowa, goge layin da ba shi ba kuwa yana iya hana na'urar tashi. Kuma kada a ce tunda an cire ɗaya bari a zuba biyu don ƙarin tsaro. Antibirus biyu a na'ura ɗaya junansu suke bincike, nauyin ya koma kanka.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane bayan duk wannan. An cire, an tone, amma jan saƙo mai tambarin McAfee ko Norton na ci gaba da fitowa, yana cewa an gano birus biyar. Wannan ba saura ba ne, kuma ba daga kamfanin yake ba. Wani shafi ne ka taɓa shiga, ya nemi izinin aiko maka da sanarwa, ka danna Autoriser ba ka lura ba, yanzu yana aron rigar antibirus yana tsoratar da kai don ka danna. Maganinsa yana cikin saitin Chrome, wurin Notifications, ka toshe shafukan da ba ka sani ba. Wanda kuma ya taɓa saka katinsa ya biya, ya sani cire manhajar ba ya tsayar da cirar kuɗin shekara-shekara, sai ya shiga asusunsa a shafin kamfanin ya dakatar.

Kile ma haka ake yi masa. Ka kai shi siber ko wurin buga takarda, ka dawo ka tarar fayilolinka sun zama raccourci, wato tambarin da ke nuna hanya kawai, nan take a ce formate. Alhali irin wannan birus ɓoye fayilolin yake yi, suna nan, ana iya fito da su bayan an kashe shi.

Shi ya sa in na ji ana kiran a yi wa matasa ko ma'aikatu formate raina ke ɓaci. Na yarda mai maganar alheri yake so. Amma kalmar da ya zaɓa ma'anarta a share abin da mutum ya sani, mai kyau da marar kyau, ba tare da an duba ba, kuma a bakin masu gyaran kasuwa ma ta koma a mayar da abu yadda wanda ya ƙera shi ya ga dama. Muna da gyara, muna da tarbiyya, muna da garambawul, kowacce ta fi ta dacewa da ɗan Adam.

A daren nan na cire wa yarinyar antibirus ɗin, na tone saiwarsa, Defender ya tashi, saƙon bai sake fitowa ba. Kayanta ne ban iya dawo da su ba. Faifan na'urar SSD ne, irin wannan kuwa yana share gurbin abin da aka goge da kansa, ba ya jira a rubuta wani abu a kai kamar tsohon faifai mai juyawa. Babi biyu mun same su a WhatsApp, inda ta taɓa aika wa malaminta ya duba. Na ukun ta sake rubutawa daga takardunta na hannu. Muryoyin matan nan babu su ko'ina. Na ce mata: "Ɗiyata, kin tuna sunayensu?" Ta ce ta tuna wasu. Ranar kasuwa mai zuwa za ta koma Badagishiri ta neme su ɗaya bayan ɗaya.