Waiwaye: Yadda aka yi ta juya cajin roba don kar jini ya daskare a kanta

Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san robar nan da ake zura wa a jijiyar wuya ko ta matsematsi, kuma ya san abu biyu da likita ke fargaba game da ita, ko ta toshe da gudan jini ko ta jawo zazzaɓi. Haka bututun injin da ke riƙe aikin zuciya lokacin tiyata, haka robar fitsari ta ɓangaren ƙwayoyin cuta. Tushen abin ɗaya ne. Da zarar jini ya taɓa abin da ba jiki ba, cikin daƙiƙu furotin ɗin cikinsa sun kwanta a kai, musamman fibrinojin, sai ƙwayoyin filatilet, masu haɗa gudan jini, su zo su manne, shikenan guda ya fara haɗuwa. Bakteriya ma a kan wannan shimfiɗar take samun wurin zama, ta gina yauƙi ta lulluɓe kanta kamar wanda ke kwantawa a cikin randa in an daɗe ba a wanke ba, kuma in ta kai nan maganin antibayotik da ƙyar yake ratsa ta.

Maganar cajin lantarki, wato mainas da fulas, ta shigo ne a farkon shekarun 1950, lokacin da wani likitan tiyata a Amurka, Philip Sawyer, ya nuna cewa bangon cikin jijiya mai lafiya cajin mainas gare shi, kuma in ka sa waya mai cajin fulas a jini nan da nan guda yake taruwa a kanta. To sai kowa ya ɗauka an gama, a yi roba mai mainas kawai. Ga kuma hefarin a hannu, maganin tsinka jini da aka gano tun 1916 a jami'ar Johns Hopkins, wanda a duk sinadaran jikin halitta babu mai cunkoson cajin mainas kamarsa.

A 1963 Vincent Gott da abokan aikinsa a Wisconsin suka ci karo da dabarar kusan bisa tsautsayi. Suna shafa wa kayan gwajinsu girafait, baƙin abin nan na cikin fensir, sai su jiƙa su a benzalkoniyam don kashe ƙwayoyin cuta, sannan su ɗauraye da ruwan hefarin kafin a dasa wa dabba. Da farko girafait ɗin suke yabo, ashe benzalkoniyam mai fulas ne ya kama girafait, hefarin mai mainas kuma ya kama benzalkoniyam, jini ya zo ya tarar da hefarin a gaba. Aibinsa dai riƙon caji da caji ba ya ɗorewa, a hankali jini ke wanke shi. Sai a 1983 Olle Larm da Rolf Larsson da Per Olsson a Suwidin suka samo yadda za a ɗaure hefarin ta wutsiya ɗaya, sauran jikinsa na reto a cikin jini yana aikinsa, shi ne shafin Carmeda da har yau ake sa wa bututun injin zuciya da jijiyar roba. Amma hefarin da kayansa yake tafe. Akasarinsa daga hanjin alade ake tatso shi, abin da ba kowane majinyaci musulmi ya sani ba, sannan a jikin wasu yana haɗewa da wani furotin mai fulas daga filatilet, garkuwar jiki ta far musu, maganin hana guda ya koma mai kawo guda.

Shi kansa mainas ɗin ba waliyyi ba ne. Gilas ma mainas ne amma jini na saurin daskarewa a cikinsa, don irin wannan fuskar tana tayar da wani furotin da ake kira fakta 12. Masu wankin ƙoda a Turai sun ɗanɗana wannan wajen 1990, da matatar AN69 da aka ƙirƙiro a Faransa, mai cajin mainas sosai. Majinyatan da ke shan magungunan hawan jini irin su kaftofuril da enalafuril, ana jona su da injin mintoci kaɗan sai fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. Matatar ce ke sa jiki fitar da buradikinin, sinadarin da ke buɗe jijiyoyin jini, maganin hawan jinin kuma ya hana a rusa shi. Gyaran da aka yi shi ne aka shafa mata wata folima, wato sinadari mai doguwar sarƙa irin na roba, mai fulas ta danne mainas ɗin.

Masu yaƙi da ƙwayoyin cuta kuwa fulas suka runguma, tunda fatar bakteriya mainas ce. A 2001 Joerg Tiller da Alexander Klibanov a jami'ar MIT ta Amurka suka dasa dogayen sarƙoƙin folima masu fulas a kan gilas, bakteriya na sauka sarƙar ta fasa mata fata. A ɗakin gwaji abin sha'awa. A cikin jini kam wata magana ce daban, fulas na jawo furotin da filatilet, yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma gawarwakin bakteriyar da ya kashe su suke rufe shi, na baya su zo su zauna a kansu lafiya lau.

Hanya ta uku daga jajayen ƙwayoyin jinin kansu aka koyo ta. A 1977 Robert Zwaal da abokansa a Holan suka bayyana cewa fatarsu fuska biyu ce, ta ciki mai mainas tana hura wutar daskarewa, ta waje kuwa cike take da fosforilkolin, wanda kowane ɗaya ke ɗauke da fulas ɗaya da mainas ɗaya, jimilla sifili, amma yana riƙe ruwa gam ta yadda furotin ba ya samun wurin sa ƙafa. Dennis Chapman a Landan ya bi wannan a shekarun 1980, a Japan kuma Nobuo Nakabayashi ya haɗa folimar MPC mai ɗauke da fosforilkolin tun 1978, Kazuhiko Ishihara ya sauƙaƙa haɗa ta a 1990. Daga nan aka samu ruwan tabarau na manna wa ido irin Proclear, da ƙarfen buɗe jijiyar zuciya mai wannan shafi, da ƙugun roba da Japan ta amince da shi a 2011. Shaoyi Jiang a jami'ar Washington ya ƙara da dangin betain, su ma sinadarai masu caji biyu, har a 2008 ɗakin gwajinsa ya nuna shafi mai rikiɗa, ya fara da fulas ya kashe, sannan ya koma mai caji biyu ya saki gawarwakin.

Ni a ganina wannan ta ukun ta fi kama hankali, amma kar a yi saurin tafi. Shafin sai ya jure gogayya da zafin tsaftace kayan tiyata da zaman wata da watanni a sito, ga tsada, kuma gwajin awa 24 a kwanon gilas daban yake da sati uku a jikin mai ciwon suga. An taɓa ganin irin haka da robar fitsari mai shafin azurfa, wadda aka yi ta yabo, sai a 2012 wani babban gwaji a asibitoci 24 na Birtaniya kan majinyata kusan 7,000 ya nuna ba ta rage ciwon sanyin mafitsara ba in aka kwatanta da robar da aka saba.