Kofaton doki da takalminsa: amsoshi ga masu dawaki a Katsina

Dole ne a sa wa kowane doki takalmin ƙarfe?

A'a. Dokin da ke yini a turke, sai da yamma a fita da shi kilisa a kan rairayi, kofatonsa ya ishe shi. Takalmi na dokin da kofatonsa ke cinyewa fiye da yadda yake tsirowa ne, kamar mai yawan bin kwalta da tsakuwa, ko dokin folo. Abin da babu makawa shi ne yankan kofato. Yana ƙaruwa da milimita 6 zuwa 10 a wata, don haka a gyara shi duk mako 6 zuwa 8, da takalmi ko babu.

Ƙusar ba ta yi masa zafi?

Idan gwani ne ya buga, ba ta yi. Bangon kofato kamar farce yake, ba jini ba jijiya. Ɗaga ƙafar ka duba: akwai tafi, akwai wani sashe mai taushi kamar roba mai siffar kan mashi a tsakiya, sai siririn farin layi inda bango ya haɗu da tafi. Ta wannan layin ƙusa ke shiga, ta karkata waje, ta ɓullo a jikin bango wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa. Sai a datse bakinta, a lanƙwasa, a bi da magagari. Ƙusa shida ko bakwai sun isa, kuma ba a bugawa kusa da dunduniya, domin wurin yana buɗewa duk lokacin da doki ya taka.

Idan ƙusa ta kauce ciki ta taɓa nama, a zare ta nan take, a wanke ramin da aidin, a kira likitan dabbobi ya yi allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Wannan cuta tana kashe dawaki ƙwarai.

Me ya sa wasu ke gasa takalmin?

Don ƙarfe ya lanƙwasu daidai da ƙafar. Maƙeri ya zuga wuta, ya gyara shi a kan uwar maƙera, ya kama da awartaki ya ɗan taɓa a kofato na 'yan daƙiƙoƙi. Alamar ƙunar ke nuna inda bai zauna ba. Babban kuskure shi ne a sayo takalmi ƙarami, a yi ta goge kofato har ya zo daidai da shi. Bango ya yi sirara, ƙusa ta rasa abin kamawa.

Dokina na wari a ƙafa da damina. Mene ne?

Ruɓewa ce. Tsayuwa cikin kashi da fitsari ke jawo ta, za ka ga baƙin ruwa mai ɗoyi a kwarin da ke gefen sashen nan mai taushi. A sassake abin da ya ruɓe, a riƙa tone kofato kullum, a shafa aidin, a zuba busasshen yashi a barga. Da rani kuwa tsagewa ce matsalar. Tsagar da ta faro daga bakin gashi a sama ta fi ta ƙasa haɗari, kuma sai kofato ya sauya gaba ɗaya, wata 9 zuwa 12, kafin ta fita.

Ya tsaya ya miƙe ƙafafun gaba, ya ƙi tafiya. Ƙaya ya taka?

In ƙafa ɗaya ce, ta yi zafi, ɗingishin ya zo farat ɗaya, galibi mugunya ce ta taru a ciki, a huda ta fita ya samu sauƙi. Amma in duka na gaba ne, yana jingina nauyinsa baya, to kumburin naman da ke riƙe ƙashi da bangon kofato ne. Wannan ya fi tayar da hankali, kuma ana iya ganinsa gab da Sallah, lokacin da ake ɗura wa doki gero da dawa don ya yi ƙiba kafin Hawan Bariki. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana rikita cikinsa, gubar ta sauka ƙafa, har ƙashin ya iya juyawa ya huda tafi. A janye hatsi, a bar shi da ciyawa, a tsayar da shi a yashi mai laushi, a tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a nemo likita a ranar. Kada a tilasta masa tafiya.

Takalmin hawa ma a sa shi da kwana 7 zuwa 10 kafin ranar, don in ƙusa ta matse a gane da wuri.

Akwai takardar shaida a wannan sana'a?

A Birtaniya dokar 1975 ta hana wanda ba shi da rajista sa wa doki takalmi, kuma sai mutum ya yi kimanin shekara huɗu a hannun ubangida, ya ci jarrabawa. A Amurka ba tilas ba ne. Ƙungiyar masu sa wa dawaki takalmi ta can da aka kafa a 1971 tana jarraba wanda ya so, a rubuce da kuma a aikace. A nan gida yawanci gado ne ko koyo a barga, don haka aikin mutum za ka duba: ya sa a zagaya da dokin ya ga takunsa kafin ya taɓa wuƙa, dunduniyoyi biyu su yi tsayi ɗaya, kawunan ƙusoshi su jeru a layi, doki kuma ya bar wurin ba ɗingishi.