Waiwaye: Shekarar da aka hana ɗan sanda yajin aiki

Duk sanda tsofaffin 'yan sanda suka fito kukan fansho, ko aka ga matar wanda ya mutu a bakin aiki tana yawo ofis-ofis da takardu a hannu, sai muhawara ta kaure kamar jiya abin ya faro. Alhali maganar ta haura shekara 100.

Farkonta sananne ne. An kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, albashi ƙanƙane, hutu kusan babu. A 1870 aka buɗe gidan marayun 'yan sanda, su kansu ma'aikatan suna zuba gudummawa daga ɗan abin da suke samu. Dokar 1890 ta ba su haƙƙin fansho bayan shekara 25 na aiki.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1918 zuwa 1919, kuma a ganina nan ne tushen abin da ake ta jayayya a kai yau. A ƙarshen watan Agusta na 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan sandan Landan kusan 12,000 suka tafi yajin aiki. Ba a yi kwana uku ba suka sami ƙarin albashi, aka kuma amince da fansho ga matan da mazajensu suka rasu. A lura: wannan haƙƙi na iyali sai da aka ajiye kulki ya samu.

Shekara na zagayowa aka sake gyara musu albashi sosai, amma dokar 1919 ta hana ɗan sanda shiga ƙungiyar ƙwadago, ta kuma haramta kiran yaji. Aka kafa musu wata ƙungiya ta cikin gida, wadda za ta iya kai koke amma ba ta da ikon cewa a dakata da aiki. Waɗanda suka bijire suka fita yaji a watan Agusta, su fiye da 2,000, an kore su, fanshonsu ya bi ruwa. A watan Satumba 'yan sandan Boston ta Amurka sama da 1,000 suka gamu da irin wannan kora.

Hujjar hana yajin ba ta banza ba ce, domin garin da ya kwana ba mai tsaro kowa ya san abin da zai wayi gari da shi. Sai dai abin da aka ƙulla alkawari ne mai ɓangare biyu: kai ba za ka ajiye aiki ba, mu kuma za mu riƙe ka da iyalinka. An rubuta ɓangaren farko a doka har da hukunci, na biyun kuwa aka bar cika shi ga kasafin kuɗin kowace shekara.

Ƙasashe da yawa sun bi wannan tsari. Ko yarjejeniyar ƙwadago ta duniya ta 1948, wadda ta tabbatar wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, ta bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta ko 'yancin zai shafi sojoji da 'yan sanda. Shi ya sa a wurare da dama masu fitowa fili su yi kuka su ne waɗanda suka riga suka tuɓe kaki, da matan mamata.