Waiwaye: Yadda Yaba ta daina haɗa allurar rigakafi

Tun da aka fara yi wa 'yan mata allurar kariya daga sankarar mahaifa a 2023, tsohuwar muhawara ta sake tashi a majalisun Hausawan Agege da Idi-Araba a Legas. Wasu na tambayar dalilin da ya sa kowace allura sai daga waje take zuwa, wasu kuma suna cewa ai baƙar fata bai taɓa iya wannan aiki ba. Masu maganar farko suna da hujja. Na biyun kuwa ba su san tarihin garin da suke zaune a ciki ba.

A shekarun 1920 masu bincike na gidauniyar Rockefeller ta Amurka suka kafa sansani a unguwar Yaba da ke Legas domin gano kan zazzaɓin shawara. Aikin ya ci rayuka, har da na likita mai bincike Adrian Stokes da ya rasu a Legas a 1927. A shekarar ce aka samo ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, kuma daga ita aka fitar da allurar da duniya ke amfani da ita har gobe. Daga wajajen 1940 ɗakin haɗa rigakafi na Yaba ya fara aiki: allurar agana, ta haukan kare, ta shawara, har ana kai wa ƙasashe maƙwabta.

A 1991 aka rufe shi da niyyar gyara, bai sake komawa aiki ba. A ganina nan gizo yake saƙa, amma ba kasafai ake tsayawa a kai ba, domin ba annoba ba ce, ba a ɗauki gawa ba.

Ku dubi yadda ake yin allurar shawara. A cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako ake renon ƙwayar cutar. Ma'aikaci zai haska ƙwan da fitila ya tabbatar tsakon na raye, ya huda ɓawon, ya zuba ƙwayar, ya toshe, a mayar cikin na'urar ɗumi na 'yan kwanaki. Sannan a kwashe, a niƙa, a tace, a busar da shi cikin tsananin sanyi. Kuskure ɗaya na tsafta ya isa a zubar da aikin makonni. Irin wannan ba a koyonsa daga littafi kaɗai; kamar ƙira ne, sai yaro ya daɗe gefen maƙera yana zuga. Da aiki ya tsaya, masu hannun suka watse, kuma babu na baya da suka karɓa.

Lokacin ma bai yi daɗi ba. Darajar naira ta fara zubewa tun 1986, alhali sinadaran gwaji da dala ake sayensu. A daidai wannan gaɓa fannin kansa yake sauya fata: an samu allurar ciwon hanta da aka haɗa ta hanyar sarrafa ƙwayoyin halitta a 1986, dabarar PCR ta ninka ƙwayoyin halitta don gwaji na yaɗuwa, an fara karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 1990. Wato sa'ar da wasu ke hawa sabon mataki, mu tsohon ne ya kuɓuce mana. Abin mamaki, cibiyar Vom ta jihar Filato ba ta daina haɗa rigakafin dabbobi ba, don haka saniya na samun allurar gida, mai ita bai samu ba.

Ba ƙwaƙwalwa aka rasa ba. Da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, a ɗakin gwajin asibitin koyarwa na Idi-Araba aka tabbatar da ita, nan kusa da masu shayi da 'yan acaɓarmu. A Maris na 2020 masanan Najeriya, har da na cibiyar binciken lafiya ta Yaba, suka riga kowa a Afirka karanta jerin ƙwayoyin halittar korona. Sai dai gane cuta daban, cika kwalba miliyan da allura mai inganci iri ɗaya daban.

An sha yin maganar farfaɗo da wurin, kuma gini da injuna kuɗi na iya kawo su. Amma ma'aikacin da yake ɗan shekara talatin a 1991 yau ya haura sittin, ya riga ya yi ritaya.